Ciwon Mutum Ɗaya, Tukunyar Gida Duka

Sa'ad da likita a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya duba takardar awon jini, ya ɗaga kai ya shaida wa mutum cewa yana da ciwon sukari, maganar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce kullum: a rage tuwo, a bar lemon kwalba, a riƙa tattaki, a sha magani a kan lokaci, a dawo ranar da aka sa. Magana ce mai kyau, gaskiya ce kuma. Sai dai da mutum ɗaya ake yin ta, alhali kuwa wanda aka yi wa ita zai koma gidan da ba shi kaɗai ke ci ba. In magidanci ne, ba shi ke girki ba. In uwargida ce, ba don bakinta kaɗai take ɗora tukunya ba. In tsoho ne ko tsohuwa, kuɗin cefane da na magani daga aljihun wani suke fitowa. Saboda haka tambayar da muke so mu duba tare ita ce: idan ciwo yana jikin mutum ɗaya, amma rabin maganinsa yana hannun waɗanda ke kewaye da shi, wane hakki ne ya rataya a wuyansu, ina ne kuma iyakar wannan hakki?

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Duk abincin da muka ci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa ko doya ko burodi, jiki yana mayar da shi sukari a cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukarin nan hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, ya zama ƙarfi. Idan gaɓar ta daina fitar da shi ɗungum, kamar yadda yakan faru ga yara da matasa, sai allura har iyakar rai. Idan kuwa tana fitarwa amma bai isa ba, ko jiki ya daina jin sa, wannan shi ne nau'i na biyu, wanda ya kama kusan tara cikin goma na masu ciwon. Sukarin da ya taru a jini yana yin ɓarnarsa a hankali: ga ido, ga ƙoda, ga zuciya, ga jijiyoyin ƙafa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da shi a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Abin da ya sa wannan ciwo ke yi wa zumuncinmu wuya shi ne, al'adunmu na jinya an gina su ne a kan cutar da ke da farko da ƙarshe. Mun iya dubiya. Idan aka kwantar da ɗan'uwa a asibiti, kafin yamma ƙofar ɗaki ta cika, ga kulolin abinci, ga addu'a, ga ɗan abin da kowa ya iya miƙawa. Bayan mako biyu aka sallame shi, muka ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya kama gabansa. Ciwon sukari kuwa ba ranar sallama. Mai shi yana zuwa kasuwa, yana zuwa Misa, yana dariya da mutane, ba wanda zai gan shi ya ce majinyaci ne. Amma sau uku a rana, a gaban kowane kwano, yana yanke shawarar da ta shafi idonsa da ƙafarsa na shekaru goma masu zuwa. A daidai wannan lokaci kuwa mu ne ke zaune kusa da shi.

A nan ne kyakkyawar ɗabi'armu ta karamci ke zama tarko. A ƙasar nan, ko Bahaushe ne mutum, ko Ibo, ko Bayarabe, ko daga kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai ya fito, abu guda ya haɗa mu: da abinci muke nuna ƙauna, ƙin karɓarsa kuma kamar ƙin mai bayarwa ne. Baƙo bai gama zama ba an fasa masa kwalba. Ranar baftisma, ranar aure, ranar godiyar girbi, taron ƙungiyar 'yan gari ɗaya a ranar Lahadi, ba a cewa an yi taro sai an jibge kiret-kiret na lemo. Wanda ya ce a ba shi ruwa kawai sai a tsaya a kansa: “Haba, kwalba ɗaya ce fa, ba za ta kashe ka ba.” Shi kuma kara ta hana shi musu, musamman in mai miƙowar suruki ne, ko babban ɗan kasuwar da yake karɓar kaya bashi a wurinsa. To, kwalba ɗaya ta lemo mai zaƙi tana ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa ko mai lafiya kada ya wuce kimanin cokali goma sha biyu a yini, in ya tsaya a shida ma ya fi. Ku haɗa da shayin safe a teburin mai shayi, da zoɓo ko kunun zaƙi da rana, ku ga inda lissafi ya kai. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan abin sha ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2021, amma duk wanda ya ga yadda ake lodin kaya a Kasuwar Singa ya san naira goma ba ta hana kowa biki ba.

Wani zai ce, ai niyyar mai bayarwa alheri ce, Allah kuwa zuciya yake dubawa. Gaskiya ne, ba kuma za mu kira uwar da ta ƙara wa ɗanta tuwo mai laifi ba. Amma malaman da suka yi nazarin ɗabi'a, tun daga Aristotal har zuwa Waliyi Toma Akwinas, sun auna ƙauna ne da alherin da take nema wa wanda ake ƙauna. Daɗin da mai bayarwa ke ji yana zuwa ne a baya. Muddin ban sani ba, uzurina yana nan. Daga ranar da na san ɗan'uwana yana da wannan ciwo, na kuma san abin da kwalbar ke yi masa, in na ci gaba da matsa masa ya sha, ba shi nake yi wa hidima ba. Sunana na mai karamci nake karewa, da kuɗin lafiyarsa. Wannan magana tana da ɗaci, mun sani, gama ta shafi kowa da kowa, har da mu da ake gayyata mu sa wa abinci albarka, a kuma cika mana faranti fiye da na kowa.

Da iyali suka fahimci haka, abin da suka fi yi shi ne su ware wa majinyaci kwanonsa. Ana dafa wa gida shinkafa da miya mai mai, shi kuma a ajiye masa ɗan wake ko tuwon alkama a gefe. Da ganin farko wannan kulawa ce. Amma ku tuna abin da cin kwano ɗaya yake nufi a wurinmu. Wanda aka ware wa kwano kullum, a gaban 'ya'yansa, yana kallon abin da ya saba ci shekara arba'in yana wucewa ta gabansa, an mayar da shi baƙo a gidansa. Irin wannan tsari kuwa da wuya ya wuce 'yan watanni. (A nan ya kamata mu faɗi wani abu a kan tuwon alkama da acca, waɗanda mutane da yawa suka ɗauka magani ne: su ma sitaci ne. Wanda ya cika kwano da su ya tashi da shi, sukarinsa zai hau. Yawan malmala shi ne abin dubawa kafin irin garin.) Abincin da likitoci ke so mai ciwon sukari ya ci ba wani baƙon abu ba ne: tuwo kaɗan, miya da yawa, ganye irin su zogale da rama da alayyafo, kuɓewa da kuka, wake, kifi, ruwa a maimakon lemo. Ba wanda irin wannan abinci zai cutar a gida. Akwai ma dalilin da ya fi tausayi ƙarfi. 'Ya'yan mai ciwon sukari suna cikin haɗarin gadonsa. Masu bincike a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada kuma sun nuna a shekarar 2014 cewa har mijin mai ciwon ko matarsa, waɗanda ba jini ɗaya suke ba, haɗarinsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tukunya da yanayin zama suka haɗa su. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya gano cewa rage ƙiba kaɗan da tattaki na minti 150 a mako sun rage aukuwar ciwon da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda suke dab da kamuwa. Ashe gidan da ya canja tukunya domin mutum ɗaya, kansa ya yi wa rigakafi.

Akwai kuma rashin adalcin da ba mu cika lura da shi ba. Idan maigida ne ya kamu, nan da nan matarsa za ta koyi sabon girki, ta riƙa tuna masa magani, ta raka shi asibiti. In ya rame, danginsa ita za su tuhuma da rashin kula, gama har yanzu muna ɗaukar ƙiba alamar hutu. Idan ita ce ta kamu fa? Sau da yawa tukunya ba ta canjawa ko kaɗan. Miji ya ce shi ba zai ci abincin marasa lafiya ba, yara suka ce taliya suke so. Sai ta zaɓa: ko ta yi girki biyu bayan ta yini a rumfa a kasuwar Sabon Gari, ko ta ci abin da ya rage. Alkawarin da ma'aurata ke yi a gaban bagadi, na riƙon juna cikin lafiya da rashinta, bai ware maza ko mata ba, kuma a irin wannan ƙaramin wuri ake gane ko an cika shi.

Sai dai kulawa ma tana da nata kuskure, shi ne ta rikiɗe ta zama gadi. Akwai gidajen da majinyaci ba zai kai loma baki ba sai ido huɗu sun bi ta. A gaban baƙi 'yarsa za ta janye faranti ta ce, “Baba, likita ya hana ka.” In awo ya nuna sukari ya hau, sai tuhuma: me ka ci a ɓoye? Alhali kuwa zazzaɓi, da rashin barci, da damuwa, duk suna iya ɗaga shi ba tare da mutum ya karya doka ba. Dattijon da ya ciyar da gida shekara talatin, aka wayi gari ana yi masa faɗa kamar yaro, ƙarshensa zai daina gardama, ya fita waje ya sayi abin da aka hana shi, ya kuma daina faɗin sakamakon awo. Ciwo bai cire wa mutum hankalinsa ko girmansa ba. Hakkin iyali ne su sauƙaƙa masa hanyar da ta dace, su faɗa masa gaskiya a keɓe da ladabi, su tambaye shi irin taimakon da yake so. Jikin nasa ne, shi zai ba da lissafinsa. Wanda ya kasa bambanta tsakanin taimako da iko, yakan rasa amanar majinyaci, amanar kuwa ita ce abin da aka fi bukata ranar da abu ya ɓaci.

Wannan ya kawo mu ga ɓoyewa. Mutane da yawa a cikinmu suna ɓoye wannan ciwo, ba kuma don wauta ba. Wanda ya rame farat ɗaya ya san abin da 'yan unguwa za su raɗa. Wanda gyambo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, za a ce ya taka asiri, a fara neman wanda ya yi masa jifa a cikin dangi ko abokan kasuwa. Ana wannan bincike, ƙafar tana ruɓewa. Budurwar da ke yi wa kanta allura tana tsoron kada iyayen saurayi su ji. Akwai kuma raunin da ciwon kan jawo wa maza ta wajen kwanciyar aure, wanda kunya ke hana faɗa, har matar ta ɗauka an juya mata baya ne. Bakinmu ne ya sa ɓoyewa ta zama dabara.

Amma a unguwa irin tamu ɓoyewa na iya kashe mutum. Tun wajen shekarar 1913 da aka kafa Sabon Gari, wuri ne na waɗanda suka baro gida. Har gobe akwai maza masu yawa da iyalinsu ke can garinsu, su kuma suna kwana a ɗaki ɗaya a gidan haya, suna cin abinci a wurin mai tuwo. Danginsu na kullum su ne maƙwabcin ɗaki, da yaron shago, da abokin rumfa, wanda sau da yawa Musulmi ne daga Fagge ko cikin birni. Mai shan wasu magungunan sukari, ko mai allurar insulin, in ya jinkirta cin abinci, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa sosai. Sai gumi, da karkarwa, da ruɗewa, da magana kamar ta mai maye. A Sabon Gari kuwa, in aka ga mutum yana tangaɗi da rana, kowa ya san fassarar da za a fara yi. Wanda ya san sirrin shi kaɗai zai gane, ya jiƙa sukari cokali uku ko huɗu a ruwa, ko ya ba shi rabin kwalbar lemon nan da muka gama kushewa, muddin yana iya haɗiya, ya jira minti 15, in bai dawo daidai ba ya ƙara. In ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, sai asibiti da gaggawa. Saboda haka ya wajaba mai wannan ciwo ya sami aƙalla mutum ɗaya a gida, ɗaya a wurin sana'a, da zai amince wa. Ya kuma wajaba wanda aka amince wa ya riƙe bakinsa.

Batun kuɗi shi ne mafi nauyi. Masu binciken da suka gano insulin a Toronto a 1921 sun sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya ɗaya, domin kada tsada ta hana kowa samu. Bayan shekara ɗari, ga inda muke. Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai, darajar naira ta faɗi, manyan kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka sanar da barin harkarsu ta kai tsaye a Nijeriya a hannun dillalai, farashin magani da na tsinken awo ya yi tashin gwauron zabo. Sakamakon haka muna ganin wani irin sadaukarwa mai ban tausayi: uwa ta riƙa raba ƙwaya biyu, ko ta tsallake allura, don a biya kuɗin makarantar yara, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Zuciyar da ke yin haka abar girmamawa ce, amma lissafin bai fita ba. Kuɗin wankin ƙoda, ko yanke ƙafa, ko makanta, ya ninka abin da aka tsimi sau da yawa, yaran da aka yi dominsu kuma su za su ɗauka. Magana irin wannan a fili ya kamata a yi ta, a zaman iyali, har da 'ya'yan da ke Legas ko Abuja, a san abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata.

A nan kuma muna da tambaya ga ƙungiyoyinmu, na 'yan gari ɗaya da na cikin Ikilisiya. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, cikin kwana uku an tara kuɗin akwati, da motar da za ta kai gawa daga Kano har garinsu, da abincin masu makoki, da anko. Binne matattu aikin jinƙai ne, ba mai ja. Amma wannan mamacin, watakila shekara biyu ya yi yana fama da kuɗin maganin wata-wata, wanda bai kai kashi kaɗan na abin da aka kashe a jana'izarsa ba, ba kuma wani layi a littafin ma'aji da aka ware domin haka. Na'urar awon sukari guda ɗaya a hannun wata ma'aikaciyar jinya cikin Zumuntar Mata, bayan Misa, za ta iya gano mutane da dama da ba su san halin da suke ciki ba.

Dangi kuma ba sa rasa shawara. Wannan ya zo da ɗanyen ganye, wancan da garin magani daga motar mai lasifika, wani kuma da labarin wurin addu'ar da ake cewa a zubar da ƙwayoyi don nuna bangaskiya. Muna addu'a domin marasa lafiya, muna kuma shafa musu mai, amma Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa barin magani alamar bangaskiya ce ba. Sura ta 38 ta Littafin Sirak ta ajiye likita da addu'a gefe da gefe. Yaron da aka hana allurar insulin na iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Haka batun azumi. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ɗora azumin Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau a kan masu shekara 18 zuwa shiga ta 60, marasa lafiya kuwa an ɗauke musu. Kamewar sa'a ɗaya kafin karɓar Jibin Ubangiji ba ta haɗa da ruwa ko magani ba, tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu ma an yafe musu ita. A 2025 Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta zo ranar 5 ga watan, sai ga Fagge da Sabon Gari suna azumi tare. Addinin maƙwabtanmu ma ya yi wa mara lafiya rangwame. A ɓangarorin biyu, abin da ke tura majinyaci ya yi azumin da ke cutar da shi ya fi zama idon jama'a, kada a ce ga babban mutum yana ci da rana.

Sauran hidimomin ƙanana ne, shi ya sa ake mantawa da su. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, wuta kuwa kun san halinta. Maƙwabcin da ke da janareta ya ba da ɗan wuri a firjinsa, ba tare da ya baza labari ba, ya yi babban abu. Inda babu wannan, akwai dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma a ajiye a inuwa. Domin kayan miya ya yi ta, amma a ƙasashe masu zafi ana adana kwalbar insulin da ake amfani da ita a irin wannan tukunya. Sa'an nan ga ƙafa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ga mai ciwon sukari kuwa maganar ta zama ta zahiri. Jijiyoyinsa na iya mutuwa har ya taka ƙusa bai ji ba, idonsa kuma ya yi rauni har ya kasa ganin tafin ƙafarsa. Yana bukatar wanda zai durƙusa kowace yamma, mata ce ko miji ko jika, ya duba tafin da tsakanin yatsu, ya zazzage takalmin kafin a sa, in ya ga ƙaramin rauni ya ce gobe da safe sai asibiti.